Awon ɗaki da lissafin tayil: inda sikwaya mita ke gazawa

A kasuwannin kayan gini, irin Ƙofar Ruwa a Kano ko Dei-Dei a Abuja, mai saye da mai sayarwa da ma'auni biyu daban suke ciniki. Mai gida ya san ɗakinsa da ƙafa, ya ce "sha biyu sha biyu ne", domin haka magini ya gaya masa. Mai shago kuwa da sikwaya mita yake sayarwa, domin haka aka buga a jikin kwali. Najeriya ta koma tsarin mita tun shekarun 1970, amma har yau bulo inci 9 ne ko inci 6, fili kuma hamsin da ɗari. A Nijar, inda mita ta zauna tun zamanin Faransawa, wannan ruɗani bai kai haka ba.

Juya lissafin ba wuya. Ƙafa ɗaya santimita 30.48 ce, don haka ƙafa 12 ta zama mita 3.66, ɗakin kuma ya tashi a kan sikwaya mita 13.4. Tayil mai santimita 60 da 60 yana rufe sikwaya mita 0.36, galibi guda 4 ake zubawa a kwali, wato 1.44. In aka raba, guda 38 ke nan, kwali 10. A nan yawancin mutane suke tsayawa, su ƙara kashi 10 cikin ɗari saboda fashewa, su biya kuɗi.

Matsalar ita ce wannan lissafi ya ɗauka kamar za a iya zuba tayil ya bi ɗaki yadda ruwa ke bi. Tayil kuwa yankawa ake yi, kuma ba kowane guntu ne ke sake samun gurbi ba. A ɗauki ɗaki mai faɗin mita 3.4 da tsawon mita 4. Girmansa 13.6 ne, kusan daidai da na farko, kuma lissafin shago zai ce guda 38. Amma in aka jera a faɗi, guda 5 za su shiga, saura santimita 40. A tsawo guda 6, saura 40 kuma. Duk tayil ɗin da aka yanke 40 daga jikinsa, ragowar 20 ba ta cike wani gurbin 40. Saboda haka layi 6 ne sau 7, guda 42, kwali 11. Ƙarin kashi 10 ɗin nan ya ƙare tun kafin ko ɗaya ya fashe a hannun lebura.

Shi kansa ɗakin sha biyu sha biyu yana da nasa tarko. In mai sa tayil ya faro daga bango, guda 6 za su shiga, ya rage ɗan siririn gurbi na santimita 6 a gefe biyu, wanda tayil biyu kacal za su wadatar. Arha ne, sai dai muni, kuma duk karkatar da ke jikin bango a wannan siririn layi take fitowa fili. Gwanin ma'aikaci yakan ja igiya ta tsakiya, ya sa guda 5 cikakku, ya bar santimita 33 a kowane gefe. Da yake 33 ta haura rabi, kowane gefe sai ya cinye tayil guda: 7 sau 7, guda 49, kwali 13. Ɗaki ɗaya, awo ɗaya, bambancin kwali 3, kuma tsarin jeri ne kaɗai ya kawo shi. A ganina mai gida ne ya kamata ya yanke wannan shawara kafin ya tafi kasuwa, tunda aljihunsa ne zai ji. Guntayen ma ba asara ba ne duka, da su ake fitar da sikatin na gindin bango, wanda a irin wannan ɗaki yake kai mita 13 da ɗoriya in an cire ƙofa.

Duk wannan kuma sai in awon ya inganta. Adadin da magini ya faɗa na lokacin harsashi ne; filasta ta ci wani abu daga kowane bango. Sai a sa tef bayan an gama shafe, a auna faɗi a wuri biyu ko uku, a riƙe mafi girma. A kuma auna daga kusurwa zuwa kishiyarta, sau biyu a gicciye. In awon biyu bai zo ɗaya ba, ɗakin ba a miƙe yake ba, yanka zai ƙaru.

Ledar ɗaki ta fi sauƙi, ko da yake ita ma faɗinta ne ke mulki, ba girman ɗaki ba. Da yadi ake sayar da ita, faɗinta kan kai wajen mita 2, don haka ɗakin ƙafa 12 zubi biyu yake ci, kowane yadi 4.

Dalilin da ya sa ƙarancin kwali ɗaya yake da ciwo a tayil shi ne launi. Masana'anta na gasa shi rukuni-rukuni, kuma zane ɗaya daga wani rukunin yakan ɗan bambanta a haske, wani lokaci har a girma da milimita ɗaya ko biyu. Wanda ya koma shago bayan wata biyu yana iya tarar da samfurin ya ƙare, ko ya samu mai lambar rukuni daban, wanda in aka shimfiɗa shi a bakin ƙofa kowa zai gane.