Fashewar taya da rim: yadda iska ke zama makami

Da yawa sun ɗauki faci a matsayin sana'a mara haɗari, amma mai facin da ya durƙusa gaban tayar tirela yana ba ta iska yana daf da abin da zai iya hallaka shi cikin ƙiftawar ido. Iskar da aka matse a cikin taya ƙarfi ne a kulle, kuma da zarar roba ko ƙarfe ya gaza riƙe ta, sai ta fito gaba ɗaya.

Ƙarfin da ke cikin taya

Ana auna iskar taya da ma'aunin PSI, wato nauyin da iska ke ɗora wa kowane inci murabba'i. Tayar ƙaramar mota kan ɗauki 30 zuwa 35, ta tirela da tanka kuwa 100 zuwa 120. A PSI 100, kowane inci murabba'i na ɗauke da kimanin kilo 45. Idan aka haɗa faɗin gefe guda na tayar babbar mota, ƙarfin da ke tunkuɗa shi ya haura tan 30. Shi ya sa fashewarta ke iya ɗaga mutum sama, ta karya masa ƙashin kai, ko ta kurmantar da shi.

Abubuwan da ke jawo fashewa a wurin faci

Na farko shi ne rim mai zobe, irin na tsofaffin manyan motoci da na aikin gini. Zoben ƙarfe ne ke kulle tayar a jikin rim. Idan ya yi tsatsa, ya lanƙwashe, ko bai zauna daidai ba, iska kan cillo shi kamar harsashi.

Na biyu shi ne wuta. Yin walda a jikin rim alhali taya na kansa na sa robar ciki ta fara ruɓewa saboda zafi, tana fitar da iskar gas mai kamawa. Sace iskar tayar kafin walda ba ya kawar da wannan haɗari, kuma fashewar na iya zuwa bayan sa'o'i. Haka ma zuba fetur a ƙyasta ashana don bakin taya ya kama rim.

Na uku, haɗa taya da rim ɗin da ba nata ba, kamar mai inci 16 a kan rim mai 16.5. Bakinta ba zai zauna ba, mai faci ya yi ta ƙara iska har wayar bakin ta tsinke. Masu ƙera taya sun yi gargaɗin kada a wuce PSI 40 wajen zaunar da baki.

Na huɗu, tayar da aka yi tafiya da ita a sace. Wayoyin gefenta kan gaji ba tare da an gani ba, sai su tsage a jere lokacin da ake mayar mata da iska.

Ƙarancin iska ma kisa ne

A kan hanya, tayar da iskarta ta yi kaɗan tana yawan lanƙwasa, ta ɗau zafi, ta fashe. Lodi fiye da ƙima, gudu da zafin kwalta na ƙara rura abin.

Najeriya ta ɗanɗana wannan a ranar 11 ga Yuli, 1991, lokacin da jirgin DC-8 da ya ɗauko alhazai daga Jidda zuwa Sakkwato ya tashi da tayoyin da iskarsu ba ta cika ba. Tayoyi biyu suka fashe a kan titin tashi, suka kama wuta, aka naɗe su cikin jirgin suna ci. Dukkan mutum 261 da ke ciki suka rasu. A ranar 6 ga Maris, 2016 kuma, Ƙaramin Ministan Ƙwadago James Ocholi ya rasu tare da matarsa da ɗansa a hanyar Kaduna zuwa Abuja bayan tayar motarsu ta fashe.

Me doka ta ce?

A Amurka, hukumar kare lafiyar ma'aikata, OSHA, ta kafa ƙa'ida a 1980 kan rim mai zobe, ta faɗaɗa ta a 1984. Ta wajabta horar da ma'aikaci, samar da kejin ƙarfe ko wani abin kariya, da doguwar tiyo mai geji wadda za ta ba shi damar tsayawa nesa.

A Najeriya, tayoyin gwanjo na cikin jerin kayan da aka hana shigowa da su, in ban da wasu na manyan motoci da ake sabunta wa ƙasa, amma ga su nan jibge a kasuwanni. Hukumar Kiyaye Haɗurra, FRSC, na cewa taya ta ƙare aiki shekara 4 bayan ƙera ta. Sai dai kulawar ta fi karkata ga direba da fasinja. Mai faci na bakin titi, da yaron da ke koyon aiki a hannunsa, da wuya a ga keji a wurinsu, ko a ga jami'in da ya zo tambayar sa.

Matakan kariya

Mai mota ya duba lambobi huɗu na ƙarshe da ke bin haruffan DOT a gefen taya: 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019. Ya auna iska da geji tun taya na da sanyi, ya bi adadin da ke rubuce a jikin ƙofar direba, ba bugun ƙafa ko na ƙarfe ba. Idan taya ta fashe ana cikin gudu, a riƙe sitiyari da ƙarfi, a sassauta totur a hankali, kada a danne birki.

Mai faci kuwa ya sace iska ƙaf kafin ya kwance goro ko ya taɓa zobe, kada ya buga rim da guduma akwai iska a ciki, kada kuma ya tsaya ko ya bar kowa ya tsaya a saitin gefen taya. Kejin da aka ƙera da bututun ƙarfe masu kauri bisa ƙa'ida ba abu ba ne da ya gagari ƙungiyoyin masu faci da na direbobi, kuma ƙananan hukumomin da ke karɓar haraji a tashoshin mota na da hurumin sanya shi cikin sharuɗɗan ba da wurin sana'a.