Kututturen da Bai Mutu Ba: Riƙon Daji da Ilimin Muhalli a Ƙasar Tambuwal da Kebbe

Duk lokacin da aka tayar da zancen gurgusowar hamada a Jihar Sakkwato, hankali kan koma arewa, wajen Illela da Gada da Tangaza da Gudu, inda rairayi ke cin gona ido na gani. Can ne aka fi dangantawa da shirin Babbar Koriyar Ganuwa, wanda Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, Nijeriya kuma ta kafa masa hukuma a 2015. Kudancin jihar kuwa, ƙasar Tambuwal da ta Kebbe da aka cire daga cikinta a 1996, ana yi masa kallon wanda asirinsa ke rufe: ruwan sama ya fi na arewa, Gulbin Zamfara ya ratso ta Gummi ya shayar da fadamun Kebbe kafin ya nufi Jega, ga kuka da ɗorawa da tsamiya tsaye cikin gonaki. Wannan maƙala tana ganin cewa nan ɗin ne ya fi cancantar a gaggauta masa, domin nan ne har yanzu akwai abin da za a tsare, da kuma mutanen da suka san yadda ake tsare shi. Wannan sanin yana hannun tsofaffi, makaranta ba ta karɓe shi daga gare su ba.

Riƙon daji ba baƙon abu ba ne a wannan yanki. Tambuwal ribaɗi ne na zamanin jihadi, mazaunin Muhammadu Buhari ɗan Shehu Usmanu, kuma ba shi da nisa da Gwandu, inda Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya zauna har rasuwarsa a 1829. Cikin rubuce-rubucen Malam Abdullahi akwai Ta'alimur Radi, littafin da ya yi bayanin hukuncin ƙasar da ba ta da mai ita: yadda ake raya ta har a mallake ta, da abin da ba ya mallakuwa ga mutum ɗaya saboda jama'a na da haƙƙi a cikinsa, kamar hurumin gari da na rijiya da makiyayar da shugaba ya keɓe. Abin da ke cikin littafin ya sauko ƙasa ya zama tsarin zama. Kowane gari yana da huruminsa inda ake itace da kiwo, akwai burtali, akwai mashaya, kuma kowa ya san wanda zai kai wa ƙara idan an taɓa ɗaya daga cikinsu. A ruwa ma haka ne. Sarkin ruwa ke faɗin ranar da za a shiga tafki da ranar da za a fita. Maƙwabtanmu na Argungu sun riƙe wannan har duniya ta san su da shi: ana hana su a Matan Fada sai lokacin biki, kuma wannan hanin ne ke sa giwan ruwa ya girma har ya isa a yi alfahari da shi. Sun na Tafkin Romo a ƙasar Tambuwal daga wannan tushe ya fito.

Ba lalaci ko jahilci ne ya warware tsarin ba. Dokokin daji na Turawan mulkin mallaka, musamman na 1916 da 1937, sun ƙirƙiro gandun daji na hukuma da jerin itatuwan da ba a sara sai da izni. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya rage ikon hakimai da dagatai, Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 kuma ta danƙa ƙasa a hannun gwamna. Niyyar wasu daga cikin dokokin nan kyakkyawa ce, amma sakon da ya isa kunnen manomi ɗaya ne: icce na gwamnati ne. Wanda ya bar gawo ya girma a gonarsa ya jawo wa kansa malamin daji da tara ranar da ya sare reshe. Don haka mai hankali sai ya kashe tsiron tun yana ƙarami, lokacin sassabe, ya tara ya cinna wuta. Hurumi kuma, da ya zama na kowa ba tare da mai tsawatarwa ba, sai ya zama na wanda ya riga.

Abin da ya faru a Maraɗi ya nuna cewa ana iya juya wannan. Bayan farin shekarun 1970, an kashe kuɗi mai yawa a Nijar wajen dashen itatuwa, mafi yawansu suka mutu. A 1983 wani ma'aikacin gona ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, ya lura cewa ƙananan tsirran da ke fitowa a gonaki ba ciyayi ba ne, tohon tsofaffin kututture ne masu rai da saiwa mai zurfi. Dabarar ba ta da wuya: maimakon a sassabe duka, a zaɓi rassa masu ƙarfi kaɗan a bari, a datse saura, a riƙa gyarawa kowace shekara. Manoman can suka sa mata suna sassabin zamani. Binciken da aka yi da hotunan sama ya ƙiyasta cewa ta farfaɗo da kusan hekta miliyan 5 da itatuwa kimanin miliyan 200 a kudancin Nijar. Amma ya kamata a lura da abin da ya sa ta yaɗu. Sai da jami'an daji suka sassauta, manomi ya tabbata cewa iccen da ya rena nasa ne, dokar daji ta Nijar ta 2004 kuma ta ƙarfafa hakan. Harshenmu ɗaya da mutanen Maraɗi, gero da dawarmu ɗaya, ƙasarmu ma ta fi tasu ruwa. Duk wanda ya bi gonakin Dogon Daji ko Sanyinna ko Kuchi da bazara zai ga sabara da kalgo da geza suna tohowa daga kututture, ana sare su ana ƙonawa.

A nan ne makaranta ta shigo. Manhajar firamare da ƙaramar sakandare tana da darussa kan muhalli da aikin gona, amma yaro kan haddace ma'anar zaizayar ƙasa da Turanci ya ci jarrabawa, alhali bai taɓa tsayawa da malaminsa a bakin kwazazzabon bayan garinsu ba. Ga shi kuwa abin koyarwa ya kewaye ajin. Me ya sa gawo ke zubar da ganye da damina ya yi kore da rani, har gero ya fi kyau a ƙarƙashinsa? Amsar ta ƙunshi inuwa da takin ganye da kashin dabbobin da ke fakewa a gindinsa da kuma sinadarin da saiwarsa ke ƙara wa ƙasa, wato kimiyya cikakkiya. Majemi zai bayyana dalilin da ya sa fatar jar akuyar Sakkwato ba ta jemuwa yadda ake so sai da bagaruwa. Mai daddawa ta san ɗorawar da ke 'ya'ya da wadda ta daina, ta kuma san tun yaushe ba ta ga ƙaramar ɗorawa ta taso ba, wanda shi ne ma'aunin da ya fi kowane tayar da hankali, domin gonar da duk itatuwanta tsofaffi ne ta riga ta fara zama fako. Bafulatani makiyayi ya san ciyawar da ta ɓace daga makiyaya da wadda ta maye gurbinta. Basarke ya san watan da tarwaɗa da karfasa ke ƙwai, da ɓarnar da taru mai ƙananan idanu ko zuba guba ke yi wa tafki.

Ba sabon gini ake bukata ba. Ana bukatar shugaban makaranta ya sami izinin gayyato waɗannan mutane a matsayin malamai, a girmama su, a yi darasin da Hausa ko Fulfulde a gona ko a bakin ruwa. A ba kowace makaranta yanki na hurumi ko gonar makaranta inda ɗalibai za su yi sassabin zamani da hannunsu, su ƙidaya kututturen da suka rena, su auna tsawonsu kowane zango, su rubuta. Ɗaliban sashen gandun daji na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo za su iya tattara waɗannan alƙaluma, su tantance abin da ya inganta cikin sanin gargajiya, don ba duka ne ke tsayawa a gaban gwaji ba. Ƙasar nan ta saba da irin wannan koyarwa. Nana Asma'u ta kai karatu ƙauyuka ta hannun jajojin 'Yan Taru ba tare da aji ba, kuma Shehu Shagari, tun yana malamin makaranta, ya tsara Waƙar Nijeriya don yara su koyi labarin ƙasa da harshensu.

Akwai masu cewa duk wannan mafarki ne muddin buhun gawayi na kawo kuɗi nan take. Suna da hujja. Matashin da ke sare kirya da marke yana loda wa motocin da ke bin hanyar Sakkwato zuwa Jega ba don ƙin daji yake yi ba, kuma birnin da ke saye ba shi da makamashi mai araha. Sai dai sassabin zamani yana ba da itacen girki daga rassan da ake datsewa tun shekarun farko, abin da dashen dogon yaro a bakin hanya ba ya yi wa matar gida. Matsalar tsaro ta fi wannan nauyi. A sassan Kebbe da ke iyaka da Zamfara, daji ya zama abin tsoro, kuma babu uban da zai yarda a kai ɗansa yawon ganin itatuwa can. Wannan ma dalili ne na mai da hankali ga gonakin gefen gari da harabar makaranta, inda ƙafa ke iya kaiwa. Haka nan ba za a mayar wa masu sarauta iko ido rufe ba, tunda an san wuraren da aka yanka burtali aka sayar da sanin masu gari. Duk yarjejeniyar da za a yi kan hurumi a rubuta ta, a karanta a bainar jama'a, da ardo da wakiliyar mata cikin masu sa hannu.

Kuɗin farawa ma akwai inda za a nema. Shirin ACReSAL, wanda Bankin Duniya ya amince masa da dala miliyan 700 a Disambar 2021 don jihohin Arewa 19 da Abuja, an gina shi ne kan farfaɗo da ƙasa ta hannun al'umma, kuma Sakkwato na ciki. Abin da ya rage ga majalisun ƙananan hukumomin Tambuwal da Kebbe shi ne su nemi a ware wani kaso don horar da malaman firamare kan renon kututture, su kuma nemi ma'aikatar da ke kula da daji ta jiha ta fitar da sanarwa a rubuce, a karanta a masallatai da kasuwanni kafin sassaben bana, cewa iccen da manomi ya rena a gonarsa nasa ne, yana iya datsa ya sayar ba tare da tara ba.