Akwatunan Lin Zexu

A 1839 wakilin sarkin Sin, Lin Zexu, ya ƙwace akwati sama da 20,000 na ofiyom, abin maye, galibi daga fataken Ingila, ya lalata su a Humen. Ingila ta amsa da jiragen yaƙi. A 1842 ta karɓe Hong Kong, a 1858 Sin ta halatta cinikin ala tilas. Hujjar fataken ita ce: ai ba mu ɗura ma kowa ba, su ke saye.

Wallahi wannan magana na sha jin ta nan Maradi, kan tramol. Ƙanena, ɗan kabu-kabu, ya sha, kuma ban wanke shi ba, da hannunsa ya kai baki. Amma shi ya kwana kaso. Wanda ya shigo da kwalayen kuwa, ko sunansa ba a kira ba.