Fim ɗin Bebe da Amanar Maraya

Ranar nan a shago na iske yarona ya ƙura wa waya ido yana ta ƙyalƙyala dariya. Da na leƙa sai na ga tsohon fim ne, baƙi da fari, ba mai cewa uffan a ciki. Na buɗe baki zan yi faɗa, sai na tsinci kaina a zaune kusa da shi har aka gama. Shi ya sa na ce bari in ɗan kawo muku tarihin abin.

A ranar 28 ga Disamba 1895 ne wasu 'yan'uwa biyu, 'yan gidan Lumière, suka nuna majigi ga masu biyan kuɗi a birnin Faris. Ba a jima ba abin ya iso Legas, inda aka nuna shi a Glover Hall cikin Agustan 1903. Tun daga lokacin har zuwa 1927 fim bebe ne. Sai dai a ɗan sa rubutu tsakanin hotuna, wani kuma yana kaɗa fiyano a gefe.

Su wa ke kallo? A Amurka yawanci leburori ne da baƙin da suka sauko daga jirgin ruwa, Italiyawa da Yahudawan gabashin Turai da sauransu. Kuɗin shiga senti biyar ne, kuma ba sai ka iya Turanci ba. Mu da muka san zaman garin da ba a jin yarenka mun san daɗin abin da ido kaɗai ke fahimta. Manyan gari da limaman coci kuwa hankalinsu ya tashi, suna ganin tarbiyyar yara za ta lalace. A jajibirin Kirsimetin 1908 magajin garin New York ya soke lasisin gidajen kallo fiye da 500, a 1909 kuma aka kafa hukumar tace finafinai. Kun ga ashe gardamar da muke yi yau kan fim ta girme mu duka.

Tsoron nasu ba na banza ba ne. A 1915 an yi wani babban fim da ya ci mutuncin baƙar fata, ya yabi 'yan ta'addar Ku Klux Klan, ƙungiyar kuma ta sake farfaɗowa a shekarar. Amma a wannan zamanin ne aka yi wanda na kalla a shago, mai suna The Kid, wato Yaron, na 1921. Mai shi Charlie Chaplin ne. Ku da kuke kiran ɗan barkwancin fim ɗin Indiya cali-cali, ku sake sauraron sunan nan.

Ga labarin. Wata mata ta haihu ba aure, duniya ta juya mata baya. Ta ajiye jaririn cikin motar masu kuɗi da 'yar takarda tana roƙon a kula da shi. Ɓarayi suka sace motar, suka yar da yaron a lungu kusa da bola. Wani faƙiri mai yagaggen takalmi ya tsince shi. Da fari ya yi ta neman yadda zai rabu da shi, har ya karanta takardar, sai zuciyarsa ta karye. A ɗan akurkin ɗakinsa ya rene shi, butar kofi ce ta zama bulunbotin shayarwa. Bayan shekara biyar suna sana'a tare: yaron ya jefi gilashin taga, uban goyon ya biyo baya ya gyara a biya shi. Wannan kam ba halak ba ne, kada wani ya ce Malam ya yarda. Amma da yaron ya kwanta ciwo, ma'aikatan gidan marayu suka zo suka jefa shi a bayan mota yana miƙa hannu yana kuka, faƙirin nan ya bi ta kan rufin gidaje ya ƙwato shi. A nan dariyar yarona ta tsaya.

Chaplin bai ƙirƙiri wannan kukan ba. An haife shi a Landan a 1889. Giya ta kashe ubansa, uwarsa ta samu taɓin hankali, yana ɗan shekara bakwai aka kai shi gidan gajiyayyu na Lambeth, daga nan makarantar marayu. A 1919 ɗansa na fari ya rasu kwana uku da haihuwa, jim kaɗan ya fara wannan aikin. Abin da yake nunawa shi ne, mai kaki da takardar hukuma na iya rasa tausayin da wanda ba shi da ko sisi yake da shi.

Sai ku ji ƙarshen yaron da ya fito a fim ɗin, Jackie Coogan. Ya tara miliyoyin daloli tun yana ƙarami. Mahaifinsa ya rasu a hatsarin mota a 1935, da ya nemi kuɗinsa sai ya tarar uwarsa da mijin da ta aura sun cinye kusan duka. A 1938 ya kai su kotu, abin da ya samu bai taka kara ya karya ba. Saboda shi jihar Kalifoniya ta yi doka a 1939 don a riƙa adana wa yara 'yan fim wani kaso na guminsu. A cikin wasa, bare ya riƙe amanarsa. A zahiri, na gida ne suka ci.

Jama'a, a unguwar nan akwai yaran da iyayensu suka zo neman abinci suka rasu, dangi na can nesa a Arewa. Akwai shagon mamaci da ke hannun ƙaninsa, akwai kuɗin gadon da aka ce a juya har yara su girma. Wanda duk irin wannan ke hannunsa, ya ɗauko littafi ya rubuta, ya sa shaidu tun yana da rai da lafiya. Allah ya ba mu ikon sauke amana.