Ruwan Damana cikin Unguwa: Aikin Wa Ne?

Unguwa yanki ce ta gari inda mutane ke zaune gida jikin gida. Suna ɗiban ruwa a famfo ɗaya, suna bin hanya ɗaya zuwa kasuwa, suna halartar suna da biki da jana'izar juna. Akwai matsalolin da magidanci ke iya magancewa shi kaɗai cikin gidansa. Ruwan damana ba ya cikinsu. Ruwan da ya fita ta rariyar gidanka, ƙofar maƙwabcinka yake nufa. Sharar da aka zuba a bakin unguwa, ita ce ke toshe hanyar ruwa a ƙarshenta. Wannan bayani zai nuna dalilin da ke sa ruwa ya kwana cikin unguwa, da ɓarnar da yake yi, da aikin da ya rataya a wuyan kowa. Za mu ɗauki misali da birnin Maradi.

Darasi daga tarihin Maradi

Tsohon garin Maradi yana cikin fadama ne, a bakin Gulbi. A shekarar 1945 Gulbi ya yi ambaliya, ya rushe gidaje masu yawa. Hukumar Faransawa ta lokacin ta mai da garin bisa tudu, aka yanka filaye, aka fitar da hanyoyi miƙaƙƙu. Tsofaffin unguwanni irin su Bagalam, Ƴandaka, Maradawa, Mokoyo da Ɗan Gulbi suna gefen wannan tudu, wajen gangare.

Hawa tudu ya raba garin da ambaliyar Gulbi, amma bai raba shi da ruwan sama ba. Garin ya yi ta faɗi. A ƙidayar shekarar 2012 mazaunansa sun zarce 260,000. Gonakin da ke shanye ruwa a da sun zama gidaje, da rufin kwano, da kwalta. Ruwan da ya sauka a sababbin unguwanni yana gangarowa da ƙarfi ta cikin tsofaffin, yana neman fadama. A ƙarshen watan Agusta na 2024 an yi ruwa kamar da bakin ƙwarya a Maradi. Gidaje suka faɗi, aka yi hasarar rayuka.

Sauran birane ma sun ga irin wannan. A watan Satumba na 2020 kogin Isa ya fasa shingen da ke kare unguwar Lamorde a Yamai, dubban mutane suka bar gidajensu. A Satumba na 2024 tsohon masallacin laka na unguwar Birni a Damagaram, wanda aka gina tun ƙarni na 19, ya rushe bayan ruwa mai yawa. A damanar 2024 ambaliya ta shafi fiye da mutum miliyan ɗaya a Nijar, fiye da 300 suka rasu, har aka ɗage komawa makaranta zuwa ƙarshen Oktoba.

Nawa ne yawan ruwan da ke sauka?

Ana auna ruwan sama da milimita. Milimita 1 na nufin lita 1 ta ruwa a kan kowane murabba'in mita na ƙasa. Ga lissafi mai sauƙi. A ce filin gida yana da tsawon mita 20 da faɗin mita 20, wato murabba'in mita 400. Idan aka yi ruwa na milimita 30, gidan ya karɓi lita 12,000. Tano ɗaya yana cin lita 200, ke nan tano 60 ne suka zubo cikin gida ɗaya. Idan gidaje 50 ne a layi, tano 3,000 ne ke neman hanya a lokaci guda. Ƙasa tana shan wani kashi, amma sauran dole ya wuce ta wani wuri. Idan bai samu hanya ba, sai ya shiga ɗaki.

Mi ke sa ruwa ya kwana?

1. Toshewar magudana. Magudanar ruwa, wadda ake kira kanibo, an gina ta domin ruwan sama kaɗai. Idan aka mai da ita juji, rairayi da leda da tsummoki sukan cika ta tun da rani.

2. Gini a kan hanyar ruwa. Ƙorama da kwari da bakin tabki sukan bushe da rani, su yi kama da fili mai kyau. Wanda ya yi gini a nan ya sa iyalinsa cikin haɗari, ya kuma karkata ruwa zuwa gidajen wasu.

3. Cike tabkuna. Tabkin cikin gari, kamar tabkunan Damagaram ko tabkin Babaye na Tawa, rumbun ruwa ne. Idan aka cike shi da shara ko aka yanka shi filaye, ruwan da yake tarawa sai ya bazu cikin unguwa.

4. Kowa ya ceci kansa. Wani yakan jibge ƙasa ko buhunan rairayi a ƙofar gidansa ba tare da ya shawarci kowa ba. Gidansa ya tsira, na ƙasa da shi ya cika.

5. Leda. Ba ta ruɓewa da wuri, tana tare ruwa, tana kuma kashe awaki da tumaki idan suka haɗiye ta. A shekarar 2014 Nijar ta kafa doka da ta hana ƙerawa da shigowa da sayar da leda maras kauri. Doka ba ta isa ita kaɗai ba, sai masu saye sun koma ga kwando da jakar zane.

Ɓarnar da kwantaccen ruwa ke yi

Ta farko, faɗuwar gini. Bangon laka daga gindi yake mutuwa. Idan ruwa ya kwana a gindinsa, laka takan jiƙe ta yi laushi, bango ya faɗi ko da ruwan sama ya ɗauke. Sau da yawa da dare abin ke faruwa, mutane suna barci.

Ta biyu, cuta. Sauro yana ƙwai cikin ruwan da ba ya gudu. Cikin kwana 10 zuwa 14 ƙwan ya zama sauro mai cizo. Shi ya sa zazzaɓin cizon sauro ke yawaita daga tsakiyar damana zuwa kaka, kuma ƙananan yara da mata masu ciki ne suka fi shan wuya. Idan ruwa ya shiga salanga ya fito da ƙazanta, yana iya gurɓata rijiya da abinci. Ta nan zawo da kwalara ke yaɗuwa. Jihar Maradi ta yi fama da kwalara a 2018 da 2021.

Ta uku, ɓacin zumunci. Rigingimu da yawa da ake kaiwa gaban mai unguwa da damana a kan rariya ne, ko indararo mai zuba a bangon maƙwabci, ko gologo da ya cika ya malala a hanya.

Aikin wa ne?

Magidanci da uwargida. Su ne masu kula da rariya da gologo da salanga ta gidansu. Su tara shara wuri ɗaya, su kai ta inda aka keɓe ko su ba mai amalanke. Su yi yaɓe, su ƙarfafa gindin bango kafin ruwa ya sauka. Ɗan haya da mai gida su yi magana tun da wuri a kan wanda zai biya kuɗin gyara.

Mai unguwa. Yana cikin sarakunan gargajiya da dokar ƙasa ta san da su. Shi ne tsani tsakanin jama'a da hukuma. Yana sasanta maƙwabta, yana isar da sanarwa, yana taimakawa wajen tara haraji, yana kai kukan unguwa gaba. Amma ba shi da asusun gina magudana.

Ma'aikatar magajin gari. A shekarar 2004 aka yi zaɓen ƙananan hukumomi a faɗin Nijar. Doka ta ɗora musu tsabtar gari, kwashe shara, kula da hanyoyin cikin gari da magudanansu, da ba da izinin gini. An raba manyan birane huɗu zuwa gundumomi: Yamai 5, Damagaram 5, Maradi 3, Tawa 2. Kowace unguwa tana ƙarƙashin gunduma ɗaya. A watan Afrilu na 2024 aka rushe majalisun da aka zaɓa, aka naɗa wakilan gwamnati su riƙe ma'aikatun. Shugabanni sun canza, amma aikin tsabtar gari yana nan a wuyan ma'aikatar.

Gwamnati. Manyan ayyuka, kamar babbar magudana, gada, shingen kogi da agaji bayan ambaliya, sun fi ƙarfin unguwa. Na gwamnati ne da masu tallafa mata.

Ma'aikatar magajin gari tana aiki da kuɗin haraji, wanda wasu ke kira lanho, da kuɗin kasuwa da na tasha. Wanda ya biya, ya karɓi takardar shaida ya adana. Wanda ya biya yana da bakin tambayar inda kuɗin suka shiga.

Yadda unguwa za ta shirya

Aikin gayya ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. A zamanin mulkin Seyni Kunce, daga 1974 zuwa 1987, samariya tana share hanyoyi tana gina azuzuwa. A yau akwai fada ta matasa kusan a kowane layi. Akwai ƙungiyoyin adashi da asusu na mata, irin su Mata Masu Dubara da aka fara a yankin Maradi a 1991. Hannuwan aiki suna nan, tsari ake buƙata. Ga matakai:

1. A kira taro a ƙofar mai unguwa cikin watan Afrilu ko farkon Mayu. A gayyaci maza da mata, matasa, limamai, malaman makaranta da ƴan haya. Mata su samu damar magana, domin su suka fi sanin inda ruwa ke kwana da inda yara ke wasa.

2. A zagaya unguwa da ƙafa. A tambayi tsofaffi inda ruwa ke bi tun da can. A zana taswira a ƙasa, sannan a kwafe ta a takarda: ga magudana, ga juji, ga rami, ga bangon da ya tsage.

3. A zaɓi kwamiti kaɗan: shugaba, magatakarda, ma'aji da masu binciken kuɗi biyu. Kada shugaba ya zama shi ne ma'aji.

4. A yanke abin da kowane gida zai riƙa bayarwa, daidai ƙarfin talaka. A rubuta kowace dala da ta shiga da wadda ta fita. A karanta lissafin a bainar jama'a kowane wata. Rashin bayyana lissafi shi ne ya kashe kwamitoci da yawa.

5. A sa ranar yashe magudana kafin ruwan farko. A fara daga ƙasa, inda ruwa ke fita, a hauro sama. A nemi ma'aikatar magajin gari ta turo mota ko amalanke a ranar. Dattin da aka fitar aka bari a bakin magudana, ruwan farko zai mai da shi ciki.

6. A yi magana da unguwar da ke sama da wadda ke ƙasa. Ruwa bai san iyakar unguwa ba.

Masu yashewa su sa takalmin roba da safar hannu, su wanke jiki da sabulu bayan aiki. Kada a sa yara cikin magudana. Kada kowa ya shiga rufaffiyar magudana ko ramin salanga, domin iskar ciki tana iya kisa.

Yadda ake kai kuka

Kukan baki yakan ɓace a hanya, na takarda yana zama. Kwamiti ya rubuta wasiƙa gajera zuwa ga shugaban gunduma. A faɗi sunan unguwa da layi, da matsalar, da yawan gidajen da ta shafa, da abin da jama'a suka riga suka yi da kansu, da abu ɗaya da ake nema. Mai unguwa ya sa hannu. A yi kwafi biyu, a ba da ɗaya, a nemi a buga hatimi da kwanan wata a kan ɗayan, a ajiye shi. Idan an yi mako biyu babu amsa, wakilai su koma da kwafin cikin ladabi. A nan ne amfanin iya karatu da rubutu ke fitowa fili: wanda ya koyi rubutu a ajin yaƙi da jahilci yana iya zama magatakardan unguwarsa.

Idan ruwa ya yi ƙarfi

A saurari sanarwar yanayi a rediyo. Idan bango ya jiƙe ko ya tsage, a fitar da iyali daga ɗakin, kada a jira safiya. A fara da yara, tsofaffi da marasa lafiya. A kashe wutar lantarki idan ruwa ya shiga gida. Kada a ratsa ruwa mai gudu da ƙafa ko da babur, domin ba a ganin ramin da ke ƙasa. Takardun haihuwa, na fili da katin ɗan ƙasa a ajiye su wuri mai tudu, cikin abin da ruwa ba ya shiga. Lambar ƴan kwana-kwana ita ce 18. Bayan ambaliya a tafasa ruwan sha ko a sa masa maganin tsabtace ruwa, a kwana cikin gidan sauro. Mai zawo mai yawa ko zazzaɓi a kai shi likita ba da jinkiri ba.

Kafin ka sayi fili

Ka je ka ga filin da damana, ko ka tambayi waɗanda suka daɗe a wurin. Ka tabbatar a ma'aikatar magajin gari cewa filin yana cikin waɗanda hukuma ta yanka, ba a hanyar ruwa yake ba. Arhar fili a cikin kwari tsada ce daga baya.

Tambayoyi domin tattaunawa a aji

1. Ta ina ruwan sama ke shiga unguwarku, ta ina yake fita?
2. Ina kuke zuba shara, wa ke kwashe ta?
3. Unguwarku tana cikin gunduma ta nawa, ina ofishinta yake?
4. Filin gidanku murabba'in mita nawa ne? Tano nawa zai karɓa idan aka yi ruwan milimita 30?
5. Wane aiki ɗaya za ku iya yi tare kafin damana mai zuwa? Wa zai kira taron farko?