Lamba Ɗaya a Wane Ma'auni?

A kasuwar kayan gini irin ta Ƙofar Ruwa a Kano, kowane tayil lamba ɗaya ne a bakin mai shi. Sai dai lambobin da ke jikin kwali ba abu guda suke aunawa ba.

Sunan fosilen, wanda ake kiran wani nau'in tayil da shi, daga Italiya ya fito, inda kalmar porcellana ke nufin wuri, wurin nan da kakanninmu suka yi ciniki da shi. Santsi da ƙyallin kwanukan ƙasar Sin ne suka tuna wa Italiyawa bayan wuri. Bahaushe kuwa saurin fashewarsu ya duba, ya ce faɗi-ka-mutu.

A harkar tayil, ƙyalli ba ya cikin lissafi. Ƙa'idar ISO 13006 shan ruwa take dubawa: fosilen shi ne wanda ruwan da yake sha bai wuce kashi 0.5 cikin 100 na nauyinsa ba, domin an danne yumɓunsa sosai, an gasa shi a wutar da ta kai kimanin digiri 1,200. Ka kifa guda, ka ɗiga ruwa a bayansa. In ɗigon ya tsaya, da alamar gaskiya. In ya nutse nan take ya bar tabo, tangaran ne kawai, komai sheƙin fuskarsa.

Lamba ɗaya ta masana'anta tantancewa ce: ba tabo, ba lanƙwasa, girma daidai. Ba ta ce komai game da jure takawa ba. Wannan aikin ma'aunin PEI ne, na tayil mai rufin gilas a fuska, kuma ƙirgensa a juye yake. PEI 1 na bango ne ko inda ba a cika takawa ba, PEI 5 kuwa na shago da sauran wuraren cunkoso. Wanda ya ga 1 a nan ya yi murna ya sayi mafi ƙarancin jure takawa. Hana zamewa ma lambarsa daban, R9 zuwa R13, kuma a banɗaki ita ya kamata a fara tambaya.

"Ɗan Sifen" ko "ɗan Chana" adireshi ne kawai. Masana'antun Castellón ta Sifen da Sassuolo ta Italiya da Foshan ta Chana da Morbi ta Indiya duk suna fitar da zaɓin farko da na biyu. Kafin a loda mota, a duba lambar gashi, wato ta rukunin da aka gasa tare, a kowane kwali, don gashi biyu na zane ɗaya kan bambanta a launi, kuma sai mai aiki ya shimfiɗa su gefe da gefe ake gani.