Tsofaffin jiragen saman soja: yadda ake ceto su da adana su

Kowane jirgin saman soja yana da ranar tashinsa na ƙarshe. Daga nan akan tura shi gefen filin jirgi, a kwance kayan da za su yi amfani a jikin wani, a bar gangar jikin ga rana da ƙura. Ƙasashe da dama sun fahimci cewa wasu daga cikin waɗannan jirage kayan tarihi ne, don haka suke nemo su, su gyara su, su ajiye inda jama'a za su gani. A Jamhuriyar Nijar, batun ya shafi jiragen da sojin sama suka fara aiki da su a birnin Yamai bayan samun 'yancin kai.

Jiragen farko na Nijar

An kafa rundunar sojin Nijar, wato FAN, ranar 1 ga watan Agustan 1961, kuma a shekarar ce aka samar da reshenta na sama mai suna Escadrille Nationale du Niger, wanda ke da mazauni a filin jirgin Yamai, inda sansani na 101 yake a yau. Reshen ya fara da jiragen da Faransa ta bayar, ciki har da Douglas C-47 na zamanin yaƙin duniya na biyu, da ƙaramin Broussard mai inji ɗaya da ke iya sauka a gajeren fili mara kwalta. Daga baya Jamus ta Yamma ta ba da jiragen Noratlas masu jela biyu, sannan a 1979 aka samu C-130 Hercules guda biyu. Babban aikinsu shi ne jigilar sojoji da kaya da marasa lafiya tsakanin Yamai da garuruwan arewa irin su Agadez da Dirkou, inda tafiyar mota ke cin kwanaki.

Abin da hamada ta adana

Sahara ta nuna cewa busasshiyar iska na iya riƙe jirgi tsawon shekaru. Ranar 4 ga Afrilun 1943 wani jirgin Amurka ƙirar B-24 mai laƙabin Lady Be Good ya ɓace da mutum 9 a hanyarsa ta dawowa daga kai hari birnin Naples na Italiya. Sai a watan Nuwamban 1958 masu neman man fetur suka hango shi a hamadar Libiya, kimanin kilomita 700 daga gaɓar teku. Waɗanda suka isa wurin a 1959 sun tarar rediyonsa na aiki, haka ma wasu bindigoginsa. Amma da labari ya bazu, sai baƙi suka riƙa ɓantarar sassansa, har hukumomin Libiya suka kwashe ragowar zuwa Tobruk a 1994.

Haka ya faru da wani jirgin Ingila ƙirar P-40 Kittyhawk da ya ɓace a hamadar Masar a watan Yunin 1942, aka gano shi a 2012 kusan cikakke. Cikin ɗan lokaci aka farfasa gilasansa. Daga bisani an kai shi gidan tarihin El Alamein, inda aka yi masa sabon fenti da masana suka soka saboda ya shafe kamanninsa na asali. Waɗannan misalai biyu sun nuna cewa ɓarnar da hannun mutum ke yi cikin watanni ta fi wadda hamada ke yi cikin shekaru.

Abin da ke cin jirgi

Yawancin jikin waɗannan jirage alminiyom ne. Ba ya yin jar tsatsa kamar baƙin ƙarfe, amma idan danshi ya shiga, sai ya riƙa zama farin gari, musamman inda ya haɗu da ƙusoshin ƙarfe. Zafin rana na busar da roba da tayoyi, ya dusashe fenti da gilashi. Iska mai yashi na kankare jiki, tsuntsaye kuma su yi sheƙa a cikin fukafukai, kashinsu ya ci ƙarfen.

Wannan ne ya sa Amurka ke ajiye dubban jiragenta a sansanin Davis-Monthan da ke hamadar Arizona tun 1946, bayan an toshe ƙofofinsu an lulluɓe su da wani farin shafi mai mayar da zafi. Yamai ba ta da irin wannan bushewar duk shekara, domin damina na sauka daga Yuni zuwa Satumba, zafi kuma na wuce maki 40 a Afrilu da Mayu. Jirgin da aka bari a fili yana shan ruwa da rana bi da bi. Ga kuma darajar alminiyom a kasuwa, inda ake narka shi a ƙera tukwane, kuma jirgin da ya shiga hannun 'yan gwangwan ba ya dawowa.

Matakan aikin

Masu wannan aiki kan fara da ɗaukar hotuna da rubuta lambobin jirgin tun kafin a taɓa komai. Sai ƙwararru su cire abin da ke da haɗari: harsasai, ragowar mai, da agogunan gaban matuƙi na tsofaffin jirage da aka shafa wa sinadarin radiyom. Daga nan a kwance fukafukai a wuraren da masana'anta ta haɗa su, ba da zarto ba, a ɗora a babbar mota.

Bayan haka akwai zaɓi uku. Ko a tsayar da lalacewa a bar jirgin yadda aka same shi, ko a mayar masa da kamanninsa na wata shekara don nuni, ko a gyara shi har ya sake tashi, wanda shi ne mafi tsada. Duk wanda aka zaɓa, rumfa ce abu na farko. Takardun tashi da na gyara, da kuma bayanan tsofaffin matuƙa da makanikai, suna da daraja kamar jirgin kansa.

Inda aka gwada

A Faransa, ƙungiyar Le Noratlas de Provence tana kula da Noratlas mai lamba 105 a Marignane kusa da Marseille. Jirgin yana tashi har yanzu, kuma a 2007 aka sanya shi cikin kayan tarihin ƙasa. A Najeriya, gidan tarihin yaƙi na Umuahia, da aka kafa a 1985, yana nuna jiragen yaƙin basasar 1967 zuwa 1970, ciki har da MiG-17 da Ilyushin Il-28.

Abin da Nijar ke da shi

Ƙasar na da doka mai lamba 97-022 ta ranar 30 ga Yunin 1997 kan kare kayan tarihi da al'adu, tana kuma da gidan tarihin Boubou Hama da aka buɗe a Yamai a 1959. A nan aka kawo bishiyar Ténéré bayan mota ta kayar da ita a 1973, aka gina mata rumfa. Jirgi ya fi bishiya buƙatar wuri da kuɗi, amma matakin farko ba shi da tsada: ƙidayar tsofaffin jiragen da suka rage, da naɗar muryoyin waɗanda suka tuƙa su. Matashin da ya shiga Escadrille yana ɗan shekara 20 a 1961, a yau ya haura 80.